Azahar ɗin da Baba Altine Ya Kashe Inji

Har gobe ba na jin zan manta da wata Alhamis da anka tura ni Kebbe, ina ƙaramin injiniya, shekarata ta biyu a ofishinmu na Tambuwal. Ku da kunka kama aiki bana ku buɗe kunne, don kuskuren nawa ne, kuma ba na so wani ya maimaita shi.

Akwai wata cibiya can da ɗalibai ke rubuta jarrabawa da kwamfuta, kuma Asabar ɗin nan suna da jarrabawa. Duk wayoyin kwamfutocin zauren suna haɗuwa ne a wani akwatin ƙarfe mai ramuka a jere, shi muke kira suwic. Nasu tsoho ne tukuf, in kwamfutoci sunka yi mashi yawa sai ya riƙa yanke su. Maganin shi ne a sabunta manhajar da ke cikinsa, wadda da ita yake tashi in an kunna shi.

Ga inda wahalar take. Ma'ajin suwic ɗin ɗan mitsitsi ne, manhaja ɗaya tak yake ɗauka. Na zamani kana ajiye sabuwa kusa da tsohuwa, in ta ƙi ka koma. Wannan kuwa sai ka goge tsohuwar kafin sabuwar ta sami wuri. Muddin yana kunne zai ci gaba da aiki, amma in wuta ta ɗauke tsakanin gogewa da gama zubawa, to ya zama ƙarfe kawai. Tsakanin nan bai fi minti goma ba.

Kafin in hau babur ogana ya ce, "Nasiru, ka kwafe tsohuwar, ka kwafe saitin, ka tabbatar da wuta." Na ce, "An gama, ranka ya daɗe." Lokacin kaina hayaƙi yake yi, gani nake ba abin da zai gagare ni.

Na isa da hantsi. Shugaban cibiyar, Malam Sahabi, ya buɗe mani ɗakin na'urori ya koma ofis. Na kwafe tsohuwar manhaja cikin laftof ɗina, na kwafe saitin, na duba sabuwar sau biyu. Saura wuta. Na ɗaga kai na ga fitila tar, na ji inji na ruri bayan gini, ga kuma batirin ko-ta-kwana ƙarƙashin tebur. Ban gwada shi ba, ban tambayi kowa komai ba. Ashe batirin nan ya daɗe da mutuwa.

Ladan ya fara kiran Azahar. Ta taga na hangi ma'aikata suna kashe kwamfutocinsu ɗaya bayan ɗaya, na ce a raina haramar salla suke yi. Ni kuwa na ce minti goma ne, bari in gama in same su a sahu. Na goge tsohuwar, na fara zuba sabuwar. Ta kai rabi ke nan sai ɗif! Inji ya mutu, fitila ta mutu, suwic ya mutu.

Innalillahi! Ban san sanda na kai bayan gini ba. Na tarar da wani dattijo yana naɗe hannun riga, buta a gabansa. Shi ne Baba Altine, mai kula da inji.

Na ce, "Baba, wa ya kashe injin nan?"

Ya ce, "Ni na, Injiniya. Kullum da Azahar nika kashe shi ya sha iska, mu yi salla. Mi ya faru?"

Da munka idar da salla anka tada inji, suwic ya kawo fitila ɗaya ja, ya tsaya nan. Malam Sahabi ya ji bayani, ransa ya ɓaci ƙwarai. A gaban kowa ya juya kan tsohon ya ce, "Altine, in abin nan bai tashi yau ba, ka ajiye mani makullin ɗakin inji ka tafi gida." Baba Altine ya sunkuyar da kai ya ce, "To, Malam." Ni kuma na yi shiru. Wallahi shiru na yi, na bar tsoho ya ɗauki laifina, don tsoron kada labari ya kai Tambuwal. Har yau in na tuna kunya nake ji.

Hanya ɗaya ta rage. Akwai wani ɗan rami a bayan suwic da ake saka siririyar waya a zuba manhaja ko da ya kasa tashi, sai dai kamar cika randa da cokali ne. Laftof ya nuna awa fuɗu da 'yan kai, kuma in inji ya yi tari sau ɗaya sai a faro daga farko. Wannan karon na fita na tsuguna gaban Baba Altine na yi mashi bayani dalla-dalla.

Ya ce, "Wanga inji bai taɓa wuce awa ukku ba, zafi shika yi. Amma tafi ka fara."

Ya cika tanki, ya cire ƙyauren ɗakin injin gaba ɗaya don iska ta ratsa, ya jiƙa buhuna ya shimfiɗa bisa kwanon rufin ɗakin. Duk sanda na leƙo yana ɗebo ruwa yana sake jiƙa su. La'asar ma nan gefen inji ya shimfiɗa buzunsa ya yi ta, cikin hayaƙi da ƙara. Dab da Magariba zubawa ta ƙare. Na sake kunna suwic, fitilu sunka riƙa kamawa kore, ɗaya bayan ɗaya har ƙarshen jere.

Malam Sahabi ya ce, "Allah Ya taimake ka, Altine." Nan ne bakina ya buɗe. Na ce, "Malam, Baba bai yi laifi ba. Aikina ne in tambayi lokacin da ake kashe inji, ban tambaya ba. Haka zan rubuta a rahoto." Haka kuwa na rubuta, na kuma sha takardar gargaɗi a Tambuwal, wadda na cancanta.

Ina naɗe wayoyi sai na ga Baba Altine tsaye bakin ƙofa, rigarsa jiƙe sharkaf, ya tuɓe takalmi. Na ce ya shigo. Ya daɗe yana kallon fitilun nan kafin ya ce, "Shekara tara nika ba ɗakin ga wuta, Injiniya. Yau na fara ganin abin da ke ciki."

Abin da na koya ke nan. A takarda aikinmu waya ne da manhaja, amma a kowane wuri akwai wani mutum da duk aikin ke rataye a hannunsa, kuma galibi ba wanda ya taɓa gaya mashi komai. In an tura ku aiki, ku neme shi tun kafin ku buɗe jaka, ku gaishe shi, ku tambaye shi yaya ake yi a nan.