Na Koya Masa Turanci, Na Raba Shi da Rawaninsa

Edita, sallama gare ka da masu karatu. Na daɗe ina juya wannan magana a raina kafin na yarda in rubuto, domin ta ko'ina na duba ta ni ne mai laifi. Lokacin da abin ya faru ni matashin malami ne a wata firamare a nan garin Lafiya, takardar shaidar koyarwata sabuwa fil, kaina kuma a kumbure, ina ganin daga nan har Obi babu wanda ya kai ni iya koyar da Turanci. Da yamma bayan la'asar ina da ajin manya a wani ɗaki da makarantar ta ara mana. Ɗalibaina teloli ne da 'yan acaɓa da matan kasuwa, Alago da Eggon da Tibi da Gwandara da Hausawa. Kowa da yarensa a gida, Hausa ce ke haɗa mu, Turanci kuma shi muka taru nema.

A cikinsu akwai wani dattijo, mai unguwa ne a wata unguwa ta gefen gari, ya gaji rawanin daga mahaifinsa. Ranar da ya fara zuwa ya ja ni gefe ya ce ya gaji da zama a taron sakateriyar ƙaramar hukuma yana gyaɗa kai alhali rabin abin da ake faɗa ba ya ji. Ya roƙe ni kada zuwansa ya fita daga ɗakin nan, domin ba zai ji daɗi mutanen unguwarsa su san yana zama kan bencin yara ba. Da hula kawai yake zuwa, ya zauna a can baya, ina ce masa Baba yana ce mini Malam, duk da cewa a shekaru ya haife ni. Abin da ke ƙona mini rai har gobe shi ne, 'yan acaɓar nan da bakinsu ba shi da birki sun riƙe sirrin dattijon wata da watanni. Ni da aka damƙa wa amanar ne na kasa.

Da zaɓen shugaban ƙasa ya gabato, gari ya cika da fastoci, ɗalibai suka daina sauraron darasi sai musun siyasa. Ina neman dabara sai na ci karo da wani darasi a intanet da aka shirya wa masu koyon Turanci a wasu ƙasashe. An ce a raba aji jam'iyya biyu, kowace ta tsayar da ɗan takara, a yi muhawara da Turanci, sannan a kaɗa ƙuri'a. Na ce ai ga shi nan, in dai siyasa suke so su yi ta da Turanci. Ban tsaya na tambayi kaina ko waɗanda suka rubuta darasin sun taɓa ganin yadda ake zaɓe a wajenmu ba. Na ƙirƙiro jam'iyyu biyu na wasa, ɗaya mai alamar doya, ɗaya mai alamar gishiri, a ganina babu abin da ya kai waɗannan rashin laifi. Muka nannaɗe guntayen takarda kowa ya ɗauka. Takarar jam'iyyar gishiri ta faɗa kan wata mata mai sayar da gishirin garin Keana, ta doya kuma, wadda na mai da ita ta 'yan adawa, ta faɗa kan Baba.

Dattijon nan ya gaya mini gaskiya tun a ranar. Ya ce shi mai unguwa uban kowa ne, an hana su buɗe baki a siyasa, ko gaisuwa yake yi da 'yan takara sai ya daidaita ta. Ya ce in ba wani. Ni kuwa na yi dariya, na ce haba Baba, jam'iyyar doya ce fa, wa zai kama mutum a kan doya? Ɗalibai suka taya ni roƙo har ya yarda don kada ya ba ni kunya. Da hannuna na rubuta masa jawabin: cewa waɗanda ke kan mulki sun gaza, babu ruwa, babu hanya, lokaci ya yi da za a sallame su. Mako biyu yana haddacewa. Na kuma ƙara da wani shirmen, na ce 'yan takara su zo da shigar manya. Sai ya zo da babbar rigarsa da rawaninsa a cikin leda, ya naɗa a cikin aji.

Ranar muhawarar Baba ya ba kowa mamaki. Ya miƙe ya zuba Turanci ba gargada, yana ɗaga yatsa, aji ya kaure da tafi, har abokiyar takararsa ta manta ta taya tafawa. Ni kuma ina gefe ina ɗaukar komai a waya, tun daga bayanin da na yi a farko cewa wannan darasi ne, har zuwa kaɗa ƙuri'a a cikin kwalin sabulu. Da na koma gida na kalla na sake kalla, daɗi ya kwashe ni. Na yanko minti ɗaya, daidai inda Baba ya fi zafi, na ɗora a shafina na rubuta a ƙasa cewa ga aikin ɗalibaina. Ba zan yi ƙarya in ce na manta alkawarin da na yi masa ba. Na tuna sarai, sai na ce wa kaina ai abokaina malamai kaɗai za su gani, su san wane ne ni.

Washegari ina shiga makaranta hedimasta ya kira ni ya miƙo mini wayarsa. Baba ne da rawaninsa yana cewa a sallami masu mulki. Rubutun da na yi a ƙasa an cire, an manna hoton wata jam'iyya ta gaske a gefe. Kafin azahar babu guruf ɗin hira na waya da bai shiga ba. 'Yan adawa suna yaɗawa suna cewa ga basarake mai gaskiya, masu mulki suna yaɗawa suna cewa ga maci amana, ban san wanda ya fi ba ni haushi a cikinsu ba. Masana kuma suka fito. Wani ya ce zanen doyar da ke bayansa saƙo ne ga wata ƙabila, wani ya ce ashe gishirin da ake yaƙa mutanen Keana ake nufi. Doyar da na zana da alli! Wanda ya fi kashe ni shi ne wanda ya ce Turancin ma kaɗai ya isa hujja, mutumin da jiya ba ya jin Turanci yau yana zuba shi, ai kai shi Abuja aka yi aka horar da shi. Ni na sha wahalar koyarwa, Abuja ta kwashe yabon.

A nan ne na tafka kuskuren da ya fi na farko muni. Hedimasta ya ce ana neman wanda ya fara sakin bidiyon, kuma ma'aikacin gwamnati irina in aka same shi da hannu a siyasa aikinsa na cikin haɗari. Ina fitowa daga ofishinsa na goge komai, guntun da cikakken, har wurin da waya ke ajiye abin da aka goge na bi na share. Na ɗauka na tsira. Kwana biyu bayan haka Baba ya zo gidana da hantsi, ya ce hakimi ya kira shi, an kai ƙararsa a rubuce. Bai ɗaga murya ba. Ya ce ba komai Malam, kawo cikakken bidiyon nan a nuna musu daga farko, kowa zai ga wasa ne. Na so ƙasa ta tsage in shige. Da na gaya masa na goge, sai ya tambaye ni ko da saninsa na ɗora bidiyon tun farko.

Na zaga masu gyaran waya na cikin kasuwa, kowa ya latsa ya latsa ya miƙo mini abata. Na koma kan ɗalibai su zo su ba da shaida. Wani tela ya ce shi jam'iyyun gasken biyu duka yana musu ɗinki, a rufa masa asiri. 'Yan acaɓa suka ce ranar suna da jigila. Waɗanda suka fi kowa tafi su suka fara kashe waya. Ban ga laifinsu sosai ba, tunda ni malaminsu na riga su gudu. Matar nan mai gishiri kaɗai ta rufe rumfarta ta biyo mu fada.

A gaban hakimi da dagatai da sauran masu unguwanni, dole Baba ya faɗi da bakinsa abin da ya yi ta ɓoyewa, cewa shi ɗalibi ne a ajin manya. Na ji wasu suna ƙunshe dariya. Na miƙe na yi bayani, na ce ni na rubuta jawabin, ni na ɗauka, ni na yanka, ni na saki. Aka ce to ina cikakken? Na ce na goge. Wani dagaci ya ce wato shaidar da za ta wanke mutum ita ce kaɗai ta ɓace. Mai gishiri ta tashi da Hausarta ta 'yan Keana, tana mai da mace namiji a magana, ta rantse cewa ita ce abokiyar takararsa kuma ko sunan jam'iyyar gaske ba a ambata ba. Hakimi ya ce shi a ransa ya yarda da mu, amma maganar ta riga ta wuce shi, na sama sun gani, mutanen unguwa kuma sun rabu biyu. Ya ce Baba ya koma gefe har a gama zaɓe, wani ɗan uwansa ya riƙe unguwar. Ni kuwa da na jawo komai, takardar gargaɗi kawai aka ba ni, aka karɓe ɗakin da aka ara mana, ajin ya watse.

Bayan zaɓe na tattara ƙarfin hali na je neman gafara. Na tarar da shi a ƙofar gida shi kaɗai kan tabarma, wurin da a da ba ka samun wajen zama saboda masu kawo ƙara da masu gaisuwa. Na durƙusa na yi ta magana, ya ce ya yafe tuntuni, in tashi. Har na juya zan tafi ya kira ni, ya ce akwai abin da yake son tambayata tun ranar. Wai Turancin da ya yi a bidiyon nan da duniya ta gani, akwai kuskure a ciki? Na ce wallahi Baba ko ɗaya babu. Ya gyaɗa kai ya ce to alhamdu lillahi. Ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba.

Abin da na koya, 'yan uwana malamai, shi ne darasin da aka rubuta wa wasu mutane a wata ƙasa ba a kwaso shi haka kawai a juye wa namu. A wajenmu babu zaɓen wasa, ko da doya da gishiri ne ke takara. In ɗalibi ya ce maka akwai abin da matsayinsa ya hana shi, ka saurara, ya fi ka sanin inda yake zaune. Kada ka ɗora fuskar kowa a waya don a yabe ka, in kuma ka riga ka yi ɓarna, kada tsoro ya sa ka goge abin da zai ceci wani. Zaɓe ya wuce, waɗanda suka zagi juna a kan bidiyon sun shirya suna cin tuwo a kwano ɗaya, ni ina nan ina koyarwa. Baba kuwa har yau ba a kira shi ya karɓi unguwarsa ba.