Tumatirin Nazifi

Shekara ashirin Nazifi kafinta yana yanka katako a unguwar Yantala da tsohon inji mai layin wuta uku, makashinsa na can bayan ƙofa, taku goma daga zarto. Nisan nan ne ya cinye masa yatsu biyu. Ranar da mai gyaran kuran, wato wutar lantarki, ya ɗaura wa injin jan maɓallin kashewa daidai gwiwar Nazifi, sai Nazifi ya raɗa wa abin suna tumatir. Ya kunna, ya doka da gwiwa, inji ya yi tsit, shi kuwa ya ɓarke da dariya. Har la'asar bai yanka komai ba, duk mai wucewa sai ya jawo shi, shi ma ya doki tumatirin. Da matarsa Anisa ta ce ya girmi wannan wasa, sai ya ɗaga hannuwansa: "Takwas ɗin nan, da su za a binne ni."