Mai Aski da Ɗan Wasan Bangonsa

Hajiya Gambo na jiran adaidaita a Gyadi-Gyadi, sai idonta ya faɗa kan wani mai aski. Gajere ne mai sanƙo, ya ba hamsin baya, yana tsaye kan tebur da burushin fenti a hannu. A bangon shagonsa akwai zanen wani ɗan wasan gaba na ƙwallon ƙafa cikin jar riga, kai ya fi kafaɗu faɗi. Da gani shi ya zana abinsa, kuma ji yake da shi.

Abokansa sun kewaye shi suna masa tsiya.

"Sabitu, mutuminka zai koma kulob mai shuɗiyar riga. Goge bango kawai!"

"Ina! Larabawa ne za su saye shi," in ji wani.

Sabitu ya ɗan zaro harshe, yana shafa kore a kan ja a hankali, kamar mai yi wa ango gyaran fuska. Hajiya ta hango ragowar fenti ruwan ɗorawa a wuyan rigar ɗan wasan. Wato ba yau ya fara bin mutumin nan kulob-kulob da gwangwanin fenti ba. Matarsa dai tana shan wankin kayan da fenti ya ɓata.

"Rigar ƙasa ce wannan," ya ce. "Ba mai sayen ta."

"To idan sabon kocin ƙasa ya ajiye shi a benci fa?"

"Sai in zana masa bencin. Amma daga bangon nan, ba kocin da ya isa ya cire shi."

Adaidaita biyu suka wuce, Hajiya na can tana dariya.