Furannin da Rana Ta Buga

Lokacin da nake ɗalibi a Villeurbanne, gefen birnin Lyon na ƙasar Faransa, duk ɗan Nijar da rubutun ƙarshen karatu ya taso masa ya san hanyar wani bene a unguwar Les Minguettes. Can wani dattijo ɗan Damagaram yake zaune, kuma shi kaɗai ne cikinmu mai ordinatar, wato kwamfuta, a gida. Mu yi rubutu a falonsa, matarsa Hajiya ta cika mu da tuwo, mu kwashe kurakuranmu a disketi mu tafi.

Ordinatar ɗin kuwa abin kallo ce. Masu ƙera na'urorin wancan zamani kamar sun yi rantsuwa a kan launi guda. Faransawa na ce masa beige, ni dai kunun gyaɗa nake gani. Komai mai kusurwa huɗu ne. Gilashin yana da ƙusumbi a baya, a gefensa an jera tsagogin shan iska kamar kuncin Bagobiri. Maɓallan rubutu toka-toka, in ka danna ana jin ƙas-ƙas har kicin. Har ɗan makulli gare ta a gaba, ko da yake ban taɓa gano abin da ake tsoron a sace ba.

Shekaru suka tura. Na koma Paris ina koyarwa, dattijon ya rasu, Allah ya jiƙansa. Bara Hajiya ta kira ni a waya. Bayan mun gaisa har mun tambayi lafiyar waɗanda ba mu sani ba, ta ce gwiwoyinta sun gaji da benen, ɗiyarta za ta ɗauke ta zuwa Paris. Ɗakin can ƙarami ne, kuma ɗiyar ta yanke hukunci: ordinatar juji za ta.

"Malam, ka zo ka duba ko tana aiki. Ni ba ruwana da ita, kar dai a yi ɓarna."

Na gane. Matar da ta gama zaman aurenta ba ta taɓa kama sunan mijinta ba, ba yau za ta buɗe baki ta ce tana son kayansa kusa da ita ba. Shaida take nema. In malami ya ce na'ura na aiki, wa zai zubar?

Na hau jirgin ƙasa zuwa Lyon. Na tarar da ɗiyar tsakiyar kwalaye. Haifaffiyar nan ce, zanen tallace-tallace ne aikinta, Hausarta kuma da rakiyar Faransanci take fita.

"Tonton," in ji ta, wato kawu ke nan, "don Allah ka gaya mata gaskiya. C'est mort, ta mutu."

"Gaisuwa tukuna, ɗiyata. Ko maƙabarta da sallama ake shiga."

Na jona waya, na danna. Shiru. Na bubbuga gefen akwatin yadda marigayi ke yi. Ko tari ba ta yi ba. Hajiya na gefe tana ninke kaya, ba ta dube mu ba, amma zane ɗaya take ta ninkewa tana warwarewa. Ƙarya ta zo min har baki, sai dai na'ura ba ta iya rufa asiri ba.

"Hajiya, ta huta."

"To, shi ke nan. Dama tarkace ne."

Ɗiyar ta yaye mayafin da ke kan gilashin don ta ɗauka. Farar saƙar kwarashi ce mai furanni, ta hannun Hajiya, irin wadda iyayenmu mata ke rufa wa duk abin da suke ganin girmansa, daga rediyo har talabijin. Robar wancan zamani kuwa tana da hali: in ta sha rana sai ta koma ruwan haƙoran mai cin goro. Teburin ordinatar gindin taga yake. Shekara da shekaru rana na bi ta ramukan saƙar, har ta buga furannin Hajiya a kan robar, rawaya bisa fari, ba wanda ya goce.

Yarinyar ta tsaya. Ta bi fure ɗaya da yatsa.

"Maman, kin ga wannan motif ɗin, wannan zanen?"

"Wane irin motif? Dauɗa ce. Kawo soso."

"Kar ki taɓa! A Paris mutane na wanke irin waɗannan da magani su koma fari fat, su jera a shago. Amma wannan, wallahi ko malamanmu na zane ba za su iya ba."

"Ke da kika ce juji," in ji Hajiya.

"Na ce. Tonton, kama min wancan gefen. Doucement, a hankali!"

Na kama, bayana ya shaida cewa masu ƙera ta ba su yi rowar ƙarfe ba. A motar ɗiyar ba wuri, sai da aka sauke wata kujera aka bar wa maƙwabciya. Hajiya ta tsaya bakin titi tana faɗa, wai yaran yanzu ba su da lissafi, a bar kujera mai lafiya a ɗauki gawa. Da ta gama, ta shiga baya ta zauna kusa da gilashin, ta ɗora hannu a kansa, wai don kar ya zame.

"Tunda dai kun matsa," in ji ta. "Ke kuma ki ja motar a hankali."