Ilu Mai Ƙanƙara da Gumin Sajo

Ilu mai ƙanƙara mutumin Gumel ne, gajere, marar yawan magana. Ba a son gaisawa da shi, don tafin hannunsa kullum kamar gindin randa yake. A shekarun da aka fara kashe naira, shi ke tarar jirgin Kano a Gagarawa Tasha, ya karɓi ƙanƙara cikin buhun ƙaiƙayi, ya hau mota sai kasuwar Maigatari ranar Alhamis.

Ba don sha kaɗai ake nemansa ba. 'Yan dambe da masu targaɗe sun san shi. Zai naɗe ƙanƙara a tsumma ya ɗora kan kumburi, mai ciwo na ihu, shi ko a jikinsa. Yakan ce fata ce mai saurin yin sanyi, tsoka sai ta ja rai, can ciki kuwa zafi na nan daram.

Wata Alhamis da bazara, bijimi ya tunkuyi wani makiyayi, Sajo, a kara, wajen cinikin shanu. Ya faɗi sumamme, cinya ta kumbura, jiki zafi rau. Aka ja shi gindin bishiyar maina, aka tafi neman danginsa. Ilu ya jera masa ƙanƙara a cinya da wuya da hammata da tafin ƙafa. Sajo yana numfashi, amma sai ka kai kunci bakin hancinsa za ka ji. Da ƙanƙarar ta narke, Ilu ya ruga tashar mota ɗauko ragowar. Ashe direba ya wuce bakin iyaka da buhun a mota. Haka ya tsaya jira, ransa duk a jagule.

Da ya dawo bayan la'asar, babu kowa a gindin mainar, sai jiƙaƙƙiyar ƙasa mai siffar mutum.

A ƙofar masallaci ya tarar da dangin Sajo zaune ana karɓar gaisuwa. Cindo, wan Sajo, ya riƙe hannunsa.

“Malam Ilu, an ce ka yi ƙoƙari, Allah ya saka. Ko da muka iso ya riga ya yi sanyi. Na taɓa ƙafa, na taɓa wuya, na jijjiga shi, shiru. Ga zafi, ga gida da nisa, sai muka yi masa sutura a nan.”

Duk inda Cindo ya ambata, nan Ilu ya sa ƙanƙara.

Ya juya wajen wani dattijo da ke gefe. “Baffa, an taɓa cikinsa?”

Haladu, dattijon da ya yi wankan gawar, ya gyara zama, fuskarsa cike da annuri.

“Kwantar da hankalinka, ɗana, ya yi kyakkyawan ƙarshe. Muna sa likkafani gumi na tsattsafo masa a goshi. Na goge, ya sake fitowa. Malamai sun ce alamar mumini ke nan.”

Jama'a suka ce Allahu akbar.

Ilu ya tashi a guje, ko takalmi bai tsaya ɗauka ba. A maƙabarta aka cim masa, durƙushe kan sabon kabari yana yakushe ƙasa da farce, yana kiran sunan Sajo. Maza suka danne shi, suka ce aljanun ƙanƙara ne suka shafe shi. Ya roƙe su don Allah su yi shiru su kasa kunne. Ba wanda ya yi shiru. Salati suke yi da ƙarfi, suna mayar da ƙasar da ya tone.