Raƙumin Dawa a Hanyar Dogondutsi

Yayana ƙirga namun daji yake yi. Ba farauta yake ba, ba kiwo yake ba, ba kuma cin namansu yake ba balle a ce kwaɗayi ne ya ja shi. Ya gan su kawai, ya ce ya gani, ya ƙara ɗaya a kan lissafinsa na shekara. In sabuwar shekara ta kama sai ya share ya soma daga farko, sai ka ce dilar da ya gani bara ta mutu tare da tsohuwar kalanda.

A wurin wani Bature ya kwaso ɗabi'ar. Sun yi aiki tare a wani ofis a unguwar Plateau da ke babban birni, irin ofisoshin nan da ake tura mutum ƙauye da babbar mota da direba, ya je ya leƙa rijiya ya dawo. Baturen ya gama wa'adinsa ya koma ƙasarsu, ya bar mu da ciwon. Da ma zuwa a kan lokaci ya koya a wurinsa, da mun gode.

Abin har da dokoki. Dole dabba ta kasance da rai, kuma ba a hannun kowa take ba. Biri mai igiya a ƙugu ba ya shiga lissafi, zakin da ke cikin keji ma haka. Wata shekara ya sa direban ofis ya tsaya, ya sauka ya tsuguna a kan wata bushiya a gefen kwalta, yana tsokanar ta da tsinke don ya tabbatar tana numfashi. Da bakinsa ya ba mu wannan labari muna cin tuwo, yana duban fuskokinmu ko wani zai yaba.

Yana da abokin hamayya, wani mai kantin magani, ɗan fadarsu inda suke zaman shan shayi da yamma. Dattawa biyu da furfura, masu 'ya'ya a jami'a, su share yamma guda suna musu ko gafiya naman daji ce ko ta gari. Tun da suka yi rigima a kan wata barewa da Yaya ya rantse ya gani, mai kantin magani ya ce ɗan akuya ne, suka kafa doka cewa ba hoto, ba lissafi. Yaya fa mutum ne da in tsaka ta faɗo daga rufin ɗaki matarsa yake kira. Bai taɓa jero sunayen 'ya'yana daidai ba, amma tambaye shi shekarar da ya ga tunku ka sha labari.

Na taɓa ce masa, "Yaya, in ka ƙirga sai me?"

Ya dube ni da tausayi ya ce, "Ke ba za ki gane ba. Harkar ilimi ce."

 A raina na ce aikin banza, makaho da waiwaye. A lokacin dariya abin yake ba ni, don ban ɗauka zai cuci kowa ba.

Babanmu tela ne. Tun yana saurayi ya baro Dogondutsi ya kafa kekensa a unguwar Zongo a babban birni, ya yi ta ɗinki har idanunsa suka gaza zura zare. Bayan rasuwar innarmu na ɗauko shi ya dawo wurina a unguwar Talladjé, na ba shi ɗakin da ke bakin ƙofa don yana son jin motsin mutane. A ɗakinsu su biyu suka rage, shi da ƙanensa da muke kira Baba Ƙarami, wanda bai taɓa barin Dogondutsi ba. Tun ranar da suka wanke gawar mahaifinsu tare suka ƙulla alkawari cewa duk wanda ya riga tafiya, ɗayan ne zai yi masa wanka, ba wani ba. Kowa a dangi ya san da wannan. Da shi suke rufe kowace hira a waya.

Baba ya ce, "Kak ka riga ni, ba ni da ƙarhin juya ka."

Ƙanen ya ce, "To kai ma ka rage shan fura, don ni ma bayana ya gaji."

Su yi dariya su kashe waya. Amma ba wasa ba ne, kuma mun sani.

Shekarar da nake magana a kai ba ta yi wa Yaya daɗi ba. Hanyoyi sun yi wuyar bi, ofis ya rage tura mutane daji, lissafinsa ya tsaya a kan su kurege da damo da wata dorina da ya hango bayanta a kogi. Mai kantin magani kuwa ya je biki wajen Dosso ya dawo da hoton raƙumin dawa, ya wuce shi da ɗaya. Disamba ta yi nisa. Duk wanda ya gaida Yaya a kwanakin nan sai ya ji zancen.

A cikin haka, wata safiya bayan sallar asuba, waya ta zo cewa Baba Ƙarami ya cika. Baba bai yi kuka ba. Ya karɓi wayar ya ce, "Ku jira ni. Kada kowa shi taɓa shi, ina tahe." Suka ce za su jira har azahar, in ta kama har la'asar, amma ya san ba a kwana da gawa. Tafiyar ba ta kai haka ba, in an kama hanya da wuri akwai lokaci har da saura. Kafin mu fita ya miƙo mini hannuwansa ya ce in yanke masa farce, kada ya karci ɗan'uwansa.

Gaskiya ɗaya zan faɗa, Yaya bai makara ba. Ya zo da motarsa idanunsa jajur, ya riƙe Baba ya sa shi a gaba, ni na shiga baya. Ya yi tuƙi na hankali, muka wuce shingayen jandarmomi ba matsala. Sai dai tun da muka bar gari na lura da yadda kansa ke juyawa, ya dubi hanya sau ɗaya ya dubi daji sau biyu. Na ce a raina sabo ne, turken wawa.

Bayan mun wuce Kure, inda hanya ke gangarawa cikin gonakin da aka girbe da manyan itatuwan gawo, sai na ji ya taka birki.

Baba, da ba ya gani nesa, ya ce, "Mi na na? Taya ta?"

Yaya ya ce, "A'a Baba. Ga su can."

Na duba. Can nesa tsakanin gawo, wuyoyi ne dogaye suna tsinkar ganye. Ya ɗaga waya ya gwada, ya ce sun yi nisa, hoton ba zai nuna komai ba.

Na ce, "Yaya, gawa ke jiran mu."

Ya ce, "To, na sani. Yanzu-yanzu ne, muna da lokaci. Ko sauka ba zan yi ba."

Ana ga yaƙi yana ga ƙura. Kafin in sake buɗe baki ya karya kan mota ya bar kwalta, ya bi wata hanyar amalanke da ta ratsa gonaki. Ya saba da motar ofis mai tsawon ƙafa, da direban da ya san yashi. Ya manta yau tasa ce, 'yar motar gari da cikinta ke shafar ƙasa in ta hau tudun ƙofar gida. Mun yi tafiya mai ɗan nisa tana tangaɗi, sannan ta tsaya. Ya ba ta wuta, tayoyin suka yi ta tono, ya ƙara ba ta, ta zauna daram a kan cikinta. Raƙuman suka juyo suka dube mu suna tauna. Kuma na gani da idona, kafin ya buɗe ƙofa ya duba tayoyi, sai da ya ɗauki hotonsa.

Muka yi tono da hannu. Muka kwaso karan gero muka cusa ƙarƙashin taya, ni da zanen gaisuwar mutuwa ina turi, shi yana ciki yana ba da umarni da Faransanci. Motar ko gezau. Da na ga rana tana ɗagawa na kama hannun Baba muka taka yashin nan a hankali har bakin kwalta, ko wani zai ɗauke shi. Amma wa zai tsaya wa mutum a tsakiyar daji a wannan zamani? Manyan motocin fasinja suka yi ta wucewa a cike, ƙanana kuwa in sun hango mu wuta suke ƙarawa. Baba yana tsaye da carbinsa, duk ƙarar da ya ji sai ya ɗaga hannu, har da wadda ta fito daga inda za mu.

Aka kira daga gida. Baba ya ce mun sami matsalar mota, su ƙara haƙuri. Bai ce musu komai a kan raƙumi ba, kuma har yau ban ji ya faɗa wa kowa ba.

Sai da rana ta take tsaka wani mai amalanken shanu ya biyo, ya ɗaura igiya ya fizgo motar. Ta fito, amma wani abu ya fashe a ƙarƙashinta, tana tafe tana ɗiga tana kuka. Da jan ciki muka shiga Dosso, muka zauna a rumfar wani bakanike. A nan muka yi azahar, a nan la'asar ta same mu. Waya ta sake ƙara. Na ji muryar ɗan Baba Ƙarami yana kuka, yana cewa liman ya ce haƙƙin mamaci ne a gaggauta, jama'a sun taru tun safe, kuma ga yamma ta yi.

Baba ya karɓi wayar ya saurara. Sannan ya ce, "Liman ya yi gaskiya. Ku yi mishi sutura. Ku ce da shi na taho, ban iso ba."

Da muka koma hanya Yaya ya soma wa'azi. Ya ce komai rubutacce ne, ƙaddara ta riga fata, wataƙila da mun wuce da wuri da haɗari muka tarar a gaba. Ban taɓa ganin ƙaddarar da ke riƙe da sitiyari ba sai ranar. Na tsani yayana a wannan yammaci, tsana ta gaske, kuma ban ga dalilin ɓoyewa ba.

Mun isa ana shirin magariba. Maza na zaune a tabarmi a ƙofar gida, sun dawo daga maƙabarta tun ɗazu. Ina tsaye a bakin zaure ban kai ga shiga wurin mata ba, na ji Baba, kafin ya amsa gaisuwar kowa, ya ce, "Wa yaw wanke shi?"

Aka nuna masa wani maƙwabci, maƙeri, wanda ba danginmu ba ne, kuma a haife Baba ya haife shi. Baba ya lallaba ya je gabansa ya tsuguna. Mutumin ya rikice yana ƙoƙarin ɗaga shi.

Baba ya ce, "Kahwaɗatai ta hagu ba ta ɗaguwa, tun muna yara da yaf faɗo daga bisa rumbu. Ka bi ta sannu?"

Maƙerin ya ce, "Na lura, Baba. Sannu na bi ta."

Baba ya ce, "Allah shi yi ma albarka." A nan ne ya yi kukan da bai yi ba tun safe, a tsugune, gaban jama'a.

Kada a ɗauka Yaya ya ji a jikinsa har ya daina. Washegari ya yi ta sunkuyar da kai, ya sayi goro da dabino mai yawa, ya yi ta kai da kawo. Kwana biyu ba su cika ba na fito zubar da ruwa na same shi a bayan zaure da wasu 'yan'uwa matasa, yana buɗa musu hoton da yatsu biyu don su ga zanen jikin dabbar. Har ya aika wa mai kantin magani. Sun yi kunnen doki a shekarar, in akwai mai son sani.

Bayan sadakar uku muka yi shirin komawa. Na haɗa jakar Baba na fito da ita, Yaya ya buɗe masa ƙofar gaba. Baba yana zaune a tabarma, bai motsa ba.

Yaya ya ce, "Baba, mu kama hanya tun da sanyin safiya."

Baba ya ce, "Ku sauka lahiya. Ni na zo gida."

Na durƙusa na roƙe shi. Na ce maganinsa na can, likitansa na can, jikokinsa za su tambaye ni. Ya dafa kaina ya ce ba ni da laifi, in riƙa zuwa. Sannan ya sa aka kira maƙerin nan, ya kama hannunsa, a gaban ɗansa na fari da duk wanda ke wurin.

Ya ce, "In nawa ya zo, kai za ka yi mini. Kai kana kusa. Kuma kada a jira kowa."

Yaya yana tsaye riƙe da ƙofar mota, ba wanda ya dube shi. Ni na mayar da jakar ciki, na tafi tasha na shiga motar haya.