Uwar Mawaƙa Ta Sauke Hannu

Ranar Alhamis, biyar ga Disamba, muna cikin makon farko na jiran haihuwar Almasihu, Ubangiji ya kira ki gida, Mama, uwar mawaƙan majami'armu. Labarin ya same mu muna jera kujeru a ɗakin koyon waƙa. Na zauna na yi kuka, ban ji kunyar kowa ba.

Ba kya bari mu rera waƙa sai mun karanta ayar da aka ɗauko ta daga ciki. Kina cewa, "Bakin da bai san abin da yake faɗi ba, gara ya yi hamma." Haka kika sa direbanmu mai murya kamar injin niƙa ya yi ta maimaita annabcin zuwan Mai Ceto har ya zubar da hawaye. Ba ki taɓa korar mai mummunar murya ba, tsakiya kike cusa shi. Ni shaida ce.

Abin da ya fi ba mu haushi, ana tsakar waƙa sai ki sauke hannun da kike jagorantar mu da shi ki ce kafaɗa ta gaji, ki jawo wani gaba ya jagorance mu. Yau tela, gobe ma'aikaciyar jinya, jibi ni. Mu yi ta gunaguni, don mun sha ganin kin ɗauke benci ke kaɗai.

Bayan jana'iza fasto ya tara mu, ya ce, "Ko bana mu haƙura da waƙoƙin Kirsimeti, mu yi karatu kawai?" Kowa ya sunkuyar da kai. Tsoronmu ke nan, kada ƙungiyar ta bi ki kabari. Sai tela ya miƙe, ya ɗaga hannu, muka shiga daidai. Da kuka ya ci ƙarfinsa, ma'aikaciyar jinya ta karɓa, waƙa ba ta yanke ba. Ashe kafaɗarki lafiyarta lau, mu kike shiryawa.

Ubangiji ya yi miki jinƙai, ya ba ki hutu madawwami a gabansa. Ya ta'azantar da 'ya'yanki da jikokinki, ya ba mijinki ƙarfin zuciya. Baba, ranar Kirsimeti ka zo da wuri ka zauna a gaba. Za ka ji aikin matarka da kunnenka.